Saƙon da Mai Daddawa Ta Kawo

Ni ɗiyar kuturu ce, kuma ban taɓa ɓoye wannan ba. Ubana ya baro ƙauyensu yana saurayi, yatsunsa sun fara cinyewa, ya zo Kalgo wurin masu ba kutare magani. Ya samu maganin, ya samu bangaskiya, ya samu uwata, wadda ita ma ciwon ne ya kawo ta. A nan aka haife ni da yatsuna goma cif, a nan aka yi mini baftisma, a nan na yi aure. Ban yi boko ba. Abin da na sani na Littafi da kunne na ɗauke shi, amma in aka karanta mini wuri sau biyu, to ya zauna ke nan.

Mu masu bin Almasihu ba mu da yawa a garin, kowa ya san gidajenmu. Ana zaune lafiya da mu, ana sayen kayanmu, ana zuwa mana barka da ta'aziyya. Sai dai akwai maganar da nake ji a bakin rijiya tun ina ƙarama, wai 'yan mishan ba su san kunya ba, mace ta kira sunan mijinta gatsal, ta ɗauki ɗanta na fari tana yi masa rawa a gaban surukai. Na ƙudura a raina ba za a taɓa faɗin haka a kaina ba. Duk karar da Bahaushiya take yi na yi ta, har na ɗora. Da na haifi ɗiyata ta fari ban kira sunanta ba, ban yi mata wasa a gaban mutane ba, in tana kuka da baƙi a gida sai wani ya ce in ɗauke ta sannan in ɗauka. Aka riƙa yabona, ni kuwa yabo yana shiga ni.

Maigidana magini ne da rani, da damina kuma yana noman shinkafa a fadama. Yana da yaya mace guda, ta girme shi sosai, ita ta goya shi bayan uwarsu ta rasu. Tana kiransa Auta, ni tana kirana Amarya, ni kuma ina ce mata Yaya. A Gwandu take aure, mijinta mai gyaran keke ne, kuma shekara kusan ashirin Allah bai ba ta haihuwa ba. Da lokacin yaye ya yi aka kai mata yarinyar, aka kuma bar mata ita riƙo, yadda ake yi. Ba wanda ya ga hawayena. Sau biyu a shekara takan kawo ta, ta yi kitso, ta yi ƙiba, tana maƙale da zanen Yaya. Yarinyar ma Amarya take ce mini, don haka ta ji ana kirana.

Tana da shekara biyar, cikin bazara, maigida ya tafi aikin gini Bunza, ni ina da cikin wata bakwai. Wata Talata da la'asar ina tankaɗe a tsakar gida sai ga sallamar wata tsohuwa mai daddawa, mutuniyar Masama, wadda takan zagaya kasuwanni da kwandonta. Na san fuskarta, nakan saya a wurinta.

Ta ce, "Ke ce matar magini ko?"

Na ce, "Ni ce, Inna. Sannu da rana."

"Yayar mijinki ta tare ni a Gwandu. Ta ce in gaya miki ɗiyarki ba ta da lafiya, baƙon dauro ne. Ta ce ki taho."

 Rariyar da ke hannuna ta yi mini nauyi. Amma tsohuwar ta tsaya tana duban fuskata, ni kuma na ɗauka jira take ta ga yadda 'yar mishan za ta zubar da gari ta ɗora hannu a ka saboda ɗiyar fari. Sai na ci gaba da tankaɗe, na ce, "Ɗiyar wa, Inna? Ni ba ni da ɗiya a Gwandu. Mai ɗiya tana can tare da abarta."

Ta yi dariya, ta ce, "Ashe ku ma kun san kara. Allah shi yi miki albarka, ɗiyata."

In gaya muku gaskiya, albarkar nan ta yi mini daɗi. Na ba ta ruwa ta sha, ta tafi. Na ce a raina baƙon dauro ne, wane yaro ne ba ya yi? Asabar maigida zai dawo, in ya ci ya sha sai in sako maganar kamar ba ta dame ni ba, shi ya ce mu tafi, ni in bi. Haka ba wanda zai ce na ruga gidan Yaya kamar ban yarda da riƙonta ba. Laraba ta wuce ina wannan lissafi, Alhamis ta wuce. Ban aika Bunza ba, ban gaya wa kowa ba.

Ran Juma'a da azahar maigida ya shigo da ƙasar gini a ƙafafunsa har gwiwa. An bi shi can an gaya masa. Yarinyar ta cika da safe, kuma saboda zafin gari aka binne ta, ba a jira mu ba.

Muka isa Gwandu washegari. Tsakar gidan cike da mata, namu da maƙwabta, Yaya tana zaune a kan tabarma ta rame kamar ita ta yi ciwon. Maigida bai zauna ba. Ya tsaya a kanta, a gaban kowa, ya ce, "Yaya, kwana nawa ta yi kwance?"

Ta ce, "Tara."

"Kwana tara. Duk garin nan ba ki samu mutum ɗaya da za ki aiko mana ba?"

Yaya ta ɗago ta dube ni. Ta dubi fuskata, ta sauke ido ta dubi cikina, ta sunkuyar da kai. Na san in ta buɗe baki na ƙare, a wurin mijina da wurin duk matan da ke zaune. Tsoro ne ya riga ni magana. Na ji bakina yana cewa, "Ina za ta san zafin abin? Wadda ba ta taɓa durƙusawa ba. Allah ya san abin da ya sa ya bar ta juya."

 Wata tsohuwa ta ce in ji tsoron Allah, wata ta ce a ƙyale ni, zafin rashi ne. Yaya ba ta ce uffan ba. Maigida ya ce in tashi mu tafi, a bakin ƙofa kuma ya juya ya ce ƙafarsa ba za ta ƙara taka gidan ba.

Shekara goma sha biyu bai taka ba. Ko da mijinta ya rasu, aike ya yi. Ni kuwa na haifi abin da ke cikina, na ƙara huɗu a kai. Na zama shugabar zumuntar mata, ni ke ba da waƙa, ni ake kira in mata biyu sun ɓata in sasanta su. Duk ranar Jibin Ubangiji ina sahun gaba, in karɓi gurasa in karɓi ƙoƙo. A kasuwa kawai nake kauce wa layin masu daddawa, har na ji tsohuwar ta daina zuwa. Da aka jima ma sai na fara yarda da labarin yadda mijina ya san shi. In an ambaci Yaya sai in ji haushi na gaske ya taso mini, kamar ita ce ta yi shirun.

Bayan an ba mu jihar Kebbi da kamar shekara ɗaya, da kaka, ana tsakiyar yankan shinkafa, dattijon ikkilisiyarmu ya zo gida da yamma. Ya ce ya je Gwandu, ya tarar Yaya ta samu shanyewar ɓarin jiki, tana kwance ita kaɗai a ɗakin da mijinta ya bar ta, maƙwabta ne ke ba ta abinci. Ya ce wa maigida, "Kai kaɗai gare ta. Ka ɗauko ta."

Maigida ya ce, "Baba, wadda ta zuba ido ɗiyata ta mutu ba ta aiko ba? In na ɗauko ta, kullum na dube ta mi zan gani?"

"Za ka ga wadda ta goya ka."

"Na biya goyon da ɗiyata."

Dattijon ya juyo wurina, ya ce, "Mama, ke aka fi yi wa laifi. In ke kika fara yafewa, shi ma zai sauko."

Na ce zan sa abin a addu'a. Yana tashi ya ƙara da cewa bakinta ya karkace, magana da kyar take fita, bai ga alamar za ta daɗe ba. Kunya nake ji in faɗa, amma da na ji haka sai na ji wani sanyi a raina. Mai daddawa ba ta nan, bakin Yaya yana rufewa. Saura kaɗan ya zama ni kaɗai na sani a duniya.

Lahadin da ta biyo ita ce ta godiyar kaka. Kowane gida yakan kawo nunan fari na amfanin gonarsa, mata mu jera da ƙore a ka, mu shiga da waƙa har gaban bagade, teburin da ke gaban majami'a, ni a gaba. Kafin mu fita mu jeru, fasto ya karanta wurin da Ubangiji ya ce in mutum ya kawo baikonsa, wato abin da zai miƙa wa Allah, a nan ya tuna ɗan'uwansa yana riƙe da shi a zuciya, ya ajiye baikon tukuna, ya je su shirya, sannan ya dawo ya miƙa. Na ji wurin nan ya fi sau arba'in. Ni kaina na sha karanta wa mata shi da ka in ina sulhu. Ran nan na ɗauki ƙwaryar sabuwar shinkafa, na ba da waƙa, mata suka amsa, muka shiga. Ina tsakiyar majami'a sai waƙar ta ɓace mini. Mata suka amsa, suka jira baiti na gaba, babu. Wata a bayana ta karɓa. Na kai ƙwaryar na ajiye, aka dubi fuskata aka ce ko zazzaɓi ne. Na ce shi ne.

Litinin na ce wa maigida zan je Birnin Kebbi duba atamfar zumunta. Ƙarya ce. A Birni na sauka na shiga bas ɗin Gwandu. Kuma kada ku ɗauka tuba ce zalla ta sa ni a motar. Rabina yana so ya roƙi gafara, rabina yana so ya je ya ji da kunnensa ko bakin nan yana iya magana har yanzu.

A zauren gidan na haɗu da maƙwabciyarta, wata mace fara mai lulluɓi, ta fito da kwano a hannu. Na gaishe ta na ce ni matar ƙanenta ce.

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Au, ashe tana da dangi. Sai yau hanya ta buɗe?"

Na ce, "Sai yau."

"Mu da ba mu haɗa alƙibla da ita ba, mu ke juya ta safe da yamma. Ba gori nake miki ba, mutum ai mutum ne. Amma ku da ake cewa kun iya jinya, na yi mamaki. Shiga, ki toshe hanci."

Ɗakin yana wari. Yaya tana kan tabarma a jikin bango, ta koma rabin yadda na san ta, hannun dama a lanƙwashe a ƙirji, baki ya ja gefe. Na tsaya a ƙofa. Ta juyo da ido ta daɗe tana dubana.

Ta ce, "Amarya." Maganar tana jan ƙafa, amma ana ji sarai. "Kin tsufa."

Na ce, "Ke ma, Yaya."

"Ni ina da dalili."

Sai na nemi aiki. Na roƙi maƙwabciya itace, na ɗora ruwa, na fitar da tabarmar na shanya, na wanke zannuwan. Na tallafe ta na zaunar a kan kujera 'yar tsugune na fara yi mata wanka. Bayanta duk ya yi gyambo saboda kwanciya. Ina goga a hankali sai ubana ya faɗo mini. Shi akwai wurin da yake so a karanta masa kullum, inda aka ce 'yan tsuntsayen da ake sayarwa a banza a kasuwa, ko ɗaya ba ya faɗuwa ƙasa Allah bai sani ba, balle mutum. Yakan ɗaga dungulmin hannunsa ya ce, to ni ma an ƙidaya ni. Ni da aka haifa a hannun nan, ni ce na tsaya a gaban jama'a na auna mace da mahaifarta na ce ba ta kai ba.

Ina tsane mata jiki na ce, "Yaya, mi ya hana ki faɗa ran nan?"

 Can ta ce, "Da na faɗa, da Auta ya kore ki da cikin wata bakwai. Na san shi, ni na rene shi. Ɗaya ta mutu a hannuna, in ƙara da na ciki?"

"Kin san abin da na ce wa mai daddawa?"

"Ta gaya mini. Tana yabonki ma. Ta ce matar ƙanenki akwai kara." Ta ja numfashi. "Ni ma ba wankakkiya ba ce. Kwana shida na yi ina ɓoyewa, ina jiƙe-jiƙe, ina rufe ta a ɗaki. Kunya nake ji a ce an ba wadda ba ta haihu ba ɗiya ta kasa. Da na aika ran farko, ko da na kai ta asibiti. Wannan ni da Allah ne."

Na ɗaura mata zane na kwantar da ita. Ta ce, "Saƙon na yafe miki tun ranar. Yarinta ce da son a yaba. Kalmar nan ta juya ce ta ƙi wucewa. Kin san wurin nan a addu'ar Ubangiji, inda muke cewa a yafe mana yadda muke yafe wa masu yi mana laifi? Shekara sha biyu, in na zo wurin sai in yi tari in tsallake."

Na durƙusa a gaban tabarmar, na ce, "Yaya, ki yafe mini."

"Ba yau ba. Ki bari in gani ko zan iya. Wanka ɗaya kika yi mini, kina so ki kwashe duka." Ta ɗan yi abin da ya yi kama da dariya. Sannan ta kama zanena da hannun da ke aiki, ta ce, "Kada ki gaya wa Auta. Gidanki ya ginu, kada ki rushe shi saboda tsohuwar da ta kusa tafiya. Ki dai lallashe shi ya zo in ga fuskarsa."

A mota ina komowa na juya maganar nan ta kowane gefe. Ita da bakinta ta ba ni hanya. In na bi, ina nan da mijina, da zumuntata, da sunana. Amma na san mutumin da nake aure. Lallashi ba zai kai shi Gwandu ba, in ma ya kai shi, zai tsaya a kanta ne kamar mai yi wa mai laifi alfarma, ita kuma ta mutu tana sunkuye da kai a gabansa a kan abin da ba ta yi ba.

Talata na buɗe baki sau uku, na rufe. Laraba na kai masa abinci fadama, suna bugun shinkafa shi da 'yan ƙwadago. Na jira suka ɗauki nasu suka koma gindin bishiya. Yana wanke hannu na ce, "Maigida, ran Litinin ba Birni na tsaya ba. Gwandu na je."

Ya tsaya da wankin, ya ce, "Wa ya aike ki?"

"Ba kowa. Akwai maganar da zan gaya maka. Yaya ta aiko. Lokacin ciwon yarinyar, ta aiko mai daddawa ta ce in taho. Ni aka gaya wa. Na ce ba ni da ɗiya a Gwandu."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Wace rana?"

"Talata."

"Ta cika Juma'a." Ya lanƙwasa yatsu yana ƙirgawa, a hankali, kamar mai koyon ƙidaya. "Daga Kalgo zuwa Bunza tafiyar kwana nawa ce?"

Ya ɗago ya dube ni.

"Kina tsaye na tambaye ta. Kina tsaye."

"Ina tsaye."

Ya miƙe ya ɗauki sandar bugu. Tun da muka yi aure bai taɓa ɗaga mini hannu ba, amma ran nan na rufe ido na jira. Sai na ji sandar tana sauka a kan damin shinkafa. Ya yi ta bugu shi kaɗai, da ƙarfin da ya wuce na aikin, har 'yan ƙwadago suka bar cin abinci suna kallo. Kwanonsa yana nan a rufe. Na ɗauka na koma gida.

Washegari ya fita bai ce inda za shi ba. Da la'asar wata ƙaramar bas ta tsaya a ƙofar gida, ya shigo da Yaya a bayansa, ya wuce ni ya kwantar da ita a ɗakinsa, a kan gadonsa. Da ya fito ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "In shinkafa ta gama shiga gida za mu yi magana, ni da ke da ƙanenki." Na san abin da kiran ƙanena yake nufi. Gidansa za a mai da ni.

Daga ranar ya daina cin abincina. In na ajiye, haka zan ɗauke. A kasuwa yake ci, ko a gona. Yara suka ga abin, ba wanda ya tambaya. Ni na je wurin dattijo da ƙafata na faɗa masa kome, na ce a ba wata shugabancin zumunta. Ran Lahadi na zauna a bencin baya, matan da na sha yi wa faɗa suna waiwayena. Wata ma ta ce mini a bakin ƙofa, "Mama, yau ba waƙa?" Na ce yau saurare nake yi.

Jinyar Yaya kuwa ta dawo hannuna. In juya ta, in wanke ta, in shafa mata man kaɗanya, in ba ta kunu da ludayi. Tana yi mini tsiya, wai hannuna kamar na mai dakan sakwara, wai kununa ruwa ne aka nuna wa gero. Buhunan shinkafa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, ina ƙirga su da ido. Ranar da na ji ya ce wa mai amalanke saura sawu biyu, kwana goma sha tara ke nan bai ci daga hannuna ba.

Da hantsi na kai wa Yaya kunu, ta kau da kai. Ta ce, "Kira mini Auta."

Ya shigo ya tsuguna, ya ce, "Yaya, ina kwana. Jikin ne?"

"Ba jikin ba ne. Na daina ci sai ka ci."

"Na ci a waje."

"Na wannan ƙwaryar nake nufi."

Ya ce, "Yaya, ki bar maganar nan. Kin san abin da ta yi."

"Ni za ka gaya wa? Ɗiyarka ce, amma ni na yi mata wankan ƙarshe. Ni aka zaga a gaban mutane. In akwai mai riƙo a gidan nan, ni ce." Ta tsaya ta huta, miyau yana zubo mata, na sa zane na goge. "Kai kuma fa? Sau ɗaya ka tambaye ni, a tsaye, a gaban jama'a, ka juya ka tafi shekara sha biyu. Ka taɓa dawowa ka zauna ka sake tambayata? Ni da na tauna abinci na sa maka a baki, ka yarda zan bar ɗiyarka ta mutu ban aiko ba."

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Na roƙe ki gafara a mota."

"Na kuwa ba ka, ban sa ka jira ba. Ita na sa ta jira, don nata ya fi zafi. Shekaranjiya na yafe mata, tana yanke mini farce, ba ta ma sani ba. Jiya na yi addu'ar nan har ƙarshe ban yi tari ba."

A nan na fara jin ta yafe mini. Na kasa riƙe ƙwaryar, na ajiye ta a ƙasa tsakaninsu.

Maigida ya ce, "Ke kin iya. Ni in na rufe ido yatsuna nake gani, Talata, Laraba, Alhamis."

"Za ka daɗe kana gani. Ni ma ina ganin nawa shida. Ka kore ta, ka gani ko za su ragu." Ta rufe ido. "Ni dai na faɗa. In yunwa ta kashe ni a gidanka, sai ka samu abin ƙirgawa na biyu."

 Ina jin mai amalanke yana sauke buhu a waje, yana kiran maigida ya zo ya duba. Bai amsa ba. Kunun ya fara yin fata a sama. Can ya miƙa hannu ya ɗauki ludayin, ya kawar da fatar, ya sha ɗaya, ya sha biyu. Ya ɗebo na uku ya tallafi kan Yaya ya ba ta, ta sha.

Ya ajiye ludayin ya tashi. A bakin ƙofa ya ce, "Tsamiya ta yi yawa."

Na ce, "Gobe zan rage."

Shinkafa ta gama shiga gida a ranar, ba a aika wa ƙanena ba. Ba zan ce muku kome ya koma yadda yake ba. Ya fi wata uku maganarsa da ni ba ta wuce ta cefane da yara, kuma kalmar yafewa ban ji ta daga bakinsa ba sai da aka yi shekaru. Yaya ta zauna da mu har ruwan farko na damina. Da ta cika ni na yi mata wanka, maƙwabciyarta ta Gwandu ta zo ta'aziyya da kwanon tuwo, ta kwana biyu a ɗakina.